Yadda Ake Shirya Bayanan Excel da Google Sheets Kafin a Kai Su Dashbod

Koken da masu karatu suka fi maimaitawa game da manhajojin dashbod, wato allon da ke nuna alƙaluma a zane-zane, irin su Power BI da Tableau da Looker Studio, kusan iri ɗaya ne: an ɗora fayil, manhaja ta karɓa ba tare da ƙorafi ba, amma jimillar da ta fitar ta ninka ta gaskiya, ko watanni sun jeru bisa haruffa har Afrilu ya riga Janairu, ko kuma ginshiƙin kuɗi ya ƙi taruwa gaba ɗaya. A mafi yawan lokuta laifin yana cikin takardar da aka ɗora. Takardar da aka tsara domin shugaba ya duba a taro, mai babban take a sama da gurabe haɗaɗɗu da jimilla a ƙasan kowane sashe, tana da daɗin karantawa ga mutum, amma manhaja tana buƙatar wani tsari dabam: layi ɗaya ga abu ɗaya da ya faru, ginshiƙi ɗaya ga bayani iri ɗaya. Matakan da ke tafe hanya ce ta mayar da takarda ta farko zuwa ta biyu, kuma jerinsu yana da muhimmanci, domin wasu gyare-gyaren suna ɓata aiki idan aka yi su kafin lokacinsu.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar Excel na 2016 ko wanda ya biyo bayansa, saboda daga wannan shekarar ne aka saka Power Query, wato kayan aikin shigo da bayanai da gyara su, a cikinsa ƙarƙashin sashen Data, ko kuma Google Sheets ga wanda ke aiki a intanet. Power BI Desktop kyauta ne, amma a kwamfuta mai Windows kaɗai yake aiki, kuma idan aka zo raba rahoto da abokan aiki ta hanyar da ke da tsaro, sai an biya lasisin wata-wata ga kowane mutum. Looker Studio kyauta ne ga mai asusun Google, a burauza ake amfani da shi, kuma ya fi jituwa da Google Sheets. Tableau Public ma kyauta ne, sai dai duk abin da aka wallafa a dandalinsa kowa na iya gani, don haka bai dace da bayanan ma'aikata ko na abokan ciniki ba. Abin da ya fi cin mutum a wannan aiki shi ne lokaci, kuma gyaran bayanai kan ɗauki fiye da abin da zane-zanen kansu za su ɗauka. A ware masa sa'o'insa tun farko.

Mataki na 1: Rubuta tambayoyin da dashbod zai amsa

Kafin ku taɓa fayil, ku rubuta tambayoyi uku zuwa biyar a takarda, a cikin cikakkun jimloli. Misali: nawa kowane reshe ya sayar a kowane wata, wane kaya ne cinikinsa ke raguwa, kuma wane reshe ne aka fi dawo masa da kaya. Daga waɗannan tambayoyi ne za ku san ginshiƙan da ake buƙata, sannan ku yanke shawara mafi muhimmanci a aikin gaba ɗaya, wato me layi ɗaya yake wakilta. Zai iya zama ciniki guda, ko jimillar cinikin reshe guda a rana guda, ko a wata guda.

Gargaɗi: kada ku cakuɗa matakai biyu a tebur ɗaya. Idan wasu layuka cinikin rana ne, wasu kuma jimillar wata, manhajar za ta tara su duka. Idan kuna da zaɓi, ku riƙe mafi ƙanƙanta, domin ana iya tara ranaku su zama wata, amma ba a iya warware wata ya koma ranaku.

Mataki na 2: Kwafi fayil, sannan a ɗauki alƙaluman shaida

Ku ajiye fayil na asali a gefe, ku yi aiki a kan kwafinsa. Daga asalin, ku rubuta lambobi uku a wani wuri: yawan layukan bayanai, jimillar babban ginshiƙin lambobi, da rana ta farko da ta ƙarshe. Waɗannan su ne za ku gwada dashbod da su a mataki na 12, kuma idan ba ku ɗauke su yanzu ba, ba za ku sami abin gwadawa ba bayan kun share kun sauya.

Mataki na 3: Cire duk abin da aka yi domin ido

A nan ake rushe kwalliyar takarda. Ku share taken rahoto da sunan ma'aikata da tambarin da ke saman tebur, yadda sunayen ginshiƙai za su kasance a layi na 1, bayanai su fara a layi na 2, daga ginshiƙin A. Ku share layukan da aka bari fayau domin raba sashe da sashe, da bayanan ƙarin haske da aka rubuta a ƙasa, da duk layin da ke ɗauke da jimilla ko ƙaramar jimilla. Layin jimilla shi ne sanadin ninkin da aka ambata a sama: manhaja ba ta san cewa jimilla ce ba, a wurinta wani reshe ne mai suna Jimilla wanda ya sayar da daidai abin da sauran suka sayar gaba ɗaya.

Gurabe haɗaɗɗu suna buƙatar kulawa ta musamman. Idan an haɗe gurabe goma aka rubuta sunan reshe sau ɗaya, a zahiri gurbi na farko ne kaɗai ke da suna, tara babu komai a cikinsu. Ku zaɓi ginshiƙin, ku warware haɗin ta maɓallin Merge & Center, sannan ku danna F5, ku zaɓi Special, ku zaɓi Blanks. Ba tare da danna wani wuri ba, ku rubuta alamar daidai, ku danna kibiyar sama, sannan ku danna Ctrl da Enter tare. Kowane gurbi mara komai zai ɗauki sunan da ke samansa. Bayan haka ku kwafi ginshiƙin ku manna shi a matsayin ƙima zalla, wato Paste Values, domin fomulolin su gushe kafin a sake jera layuka. A Power Query, umarnin Fill Down yana yin wannan aiki da dannawa ɗaya.

Gargaɗi: wannan dabarar ta ginshiƙan suna ce kawai. Idan kuka yi ta a ginshiƙin kuɗi, za ku ƙirƙiri cinikin da ba a yi ba.

Akwai kuma bayanin da aka ɓoye cikin launi. Wasu ma'aikata kan shafa ja a layin da ba a biya ba, kore a wanda aka biya. Launi ba ya bin bayanai zuwa dashbod. Ku ƙara ginshiƙi mai suna Matsayi, ku tace bisa launi, ku rubuta An biya ko Ba a biya ba. Haka nan ku fito da layuka da ginshiƙan da aka ɓoye ku duba su, domin ɓoyewa a Excel ba ta hana manhaja karanta su.

Mataki na 4: Sunayen ginshiƙai

Kowane ginshiƙi ya sami suna guda, gajere, a layi guda, wanda babu wani mai irinsa. Idan kan tebur hawa biyu ne, misali 2024 a sama sannan Shiga da Fita a ƙasa, ku haɗe su a suna ɗaya. Ma'auni ya zauna a cikin sunan, kamar Nauyi_kg, maimakon a riƙa maimaita shi a kowane gurbi. Looker Studio yakan ƙi haɗawa da takardar da ke da sunaye biyu iri ɗaya ko ginshiƙi mara suna, sauran manhajojin kuma sukan laƙaba musu sunaye irin su Column1, waɗanda bayan wata uku ba wanda zai tuna me suke nufi.

Mataki na 5: Juya faffaɗan tebur ya zama dogo

Wannan ne matakin da ya fi ba sababbin shiga mamaki, domin yana sa takarda ta yi muni a ido. Yawancin rahotanni faffaɗa ne: sunayen rassa a hagu, watanni goma sha biyu sun jeru a sama, kowane wata da ginshiƙinsa. A irin wannan tsari, manhaja tana ganin Janairu da Fabrairu a matsayin abubuwa biyu da ba su da alaƙa, don haka ba za ku iya zana layin da ke nuna hawa da saukar ciniki a tsawon shekara ba, kuma ba za ku iya saka matatar da mai kallo zai zaɓi wata ba.

Abin da ake so shi ne ginshiƙai uku: Reshe, Wata, Ciniki. Idan rassa huɗu ne, tebur mai layi 4 da ginshiƙan watanni 12 zai koma layi 48. Kada wannan ya dame ku, yawan layuka ba ya wahalar da manhaja. A Excel, ku danna cikin teburin, ku je Data, ku zaɓi From Table/Range, Power Query zai buɗe. Ku zaɓi ginshiƙan da ba za su motsa ba, wato Reshe da makamantansa, ku danna daman linzami, ku zaɓi Unpivot Other Columns. Za a sami sababbin ginshiƙai biyu masu suna Attribute da Value. Ku sauya musu suna zuwa Wata da Ciniki. Na fi son wannan umarni a kan Unpivot Only Selected Columns, saboda idan aka ƙara sabon wata a takardar nan gaba, zai shiga da kansa ba sai an koma an zaɓe shi ba. Tableau yana da nasa umarnin Pivot a shafin da ake haɗa bayanai. Google Sheets ba shi da maɓalli na wannan aiki, don haka mai amfani da Looker Studio gara ya sake tsarin shigar da bayanai tun daga tushe, ko ya juya teburin a Excel sannan ya mayar.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, ku cire ginshiƙin jimillar shekara kafin juyawa, in ba haka ba zai koma wata na goma sha uku. Na biyu, Power Query yana watsar da gurabe marasa komai yayin juyawa, saboda haka reshen da bai kawo rahoton Yuli ba, ba zai sami layin Yuli ba sam. Idan kuna son giɓin ya fito fili a dashbod, sai ku yi tanadinsa kafin wannan mataki.

Haka nan idan kowane wata ko kowane reshe yana da shafinsa dabam a cikin fayil, ku tattara su a tebur ɗaya, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, tare da ƙarin ginshiƙin da ke nuna daga wane shafi kowane layi ya fito. Umarnin Append Queries yana yin haka, muddin sunayen ginshiƙan sun yi daidai harafi da harafi, domin Power Query yana bambanta babban baƙi da ƙarami.

Mataki na 6: Lamba ta zama lamba, rubutu ya zama rubutu

Gurbi na iya nuna 4500 amma a wurin Excel rubutu ne, musamman idan an kwafo shi daga shafin intanet ko daga wata manhajar lissafi. Alamar farko ita ce wurin da ya jingina: lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu, sai in wani ya sauya da hannu. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a kwatanta COUNT da COUNTA a kan ginshiƙin. Na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk gurbin da ke da wani abu. Idan suka bambanta, akwai baƙo a ciki. Ku cire alamun kuɗi da kalmomi irin su kimanin ko kg da aka rubuta tare da lamba, ku kuma lura da ƙasashen da ke amfani da waƙafi a wurin ɗigo, kamar Faransa da Jamus, inda 1,5 ke nufin ɗaya da rabi. Umarnin Text to Columns, idan aka bi shi har ƙarshe ba tare da sauya komai ba, yakan mayar da ginshiƙi guda zuwa lambobi na gaskiya.

Akasin haka ma matsala ce. Lambar shaida, lambar waya, lambar asusu da lambar kaya ba ababen tarawa ba ne, don haka su zauna a matsayin rubutu. Excel yana yar da sifilin farko, 00731 ta koma 731, kuma ba ya riƙe fiye da lambobi 15. Duk abin da ya wuce haka sai ya mayar da shi sifili, kuma idan aka ajiye fayil ɗin a haka, asalin ya tafi ke nan. Yana kuma mayar da duk abin da ya yi kama da kwanan wata zuwa kwanan wata. Wannan ɗabi'a ta addabi masu binciken ƙwayoyin halitta har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gado na ɗan Adam suna ya sauya wasu sunaye, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1, domin Excel ya daina mayar da su ranakun Maris da Satumba. Maganin shi ne kada ku buɗe fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa, ta dannawa biyu. Ku shigo da shi ta Data, From Text/CSV, ku ayyana irin waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu kafin su sauka.

Wani abin da ya kamata a ce a nan shi ne batun kaso cikin ɗari. Kada ku kai wa dashbod kason da kuka riga kuka lissafa kawai. Ku kai masa lambobin biyu da aka raba. A ɗauka reshe ɗaya ya kai kaya 9 cikin 10 a kan lokaci, wato kashi 90, wani kuma ya kai 500 cikin 1,000, wato kashi 50. Idan manhaja ta ɗauki matsakaicin kason biyu za ta nuna 70, alhali gaskiyar ita ce 509 cikin 1,010, wato kashi 50 da ɗan ɗoriya. Idan ginshiƙan biyu suna nan, sai a yi rabon a cikin manhajar bayan ta tara.

Mataki na 7: Kwanan wata

Babu ginshiƙin da ke ɓata dashbod a ɓoye kamar wannan. A cikin Excel, kwanan wata lamba ce da ke ƙirga ranaku tun daga 1 ga Janairu 1900. 1 ga Janairu 2024, alal misali, ita ce 45292. Domin ku gane ko ginshiƙinku na gaskiya ne, ku sauya sifarsa zuwa General na ɗan lokaci. Duk gurbin da ya koma lamba mai alƙaluma biyar kwanan wata ne na gaskiya, duk wanda ya tsaya yadda yake rubutu ne.

Babban tarko shi ne bambancin jeri. A Birtaniya da mafi yawan ƙasashe, 03/04/2024 na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka yana nufin 4 ga Maris. Idan aka buɗe fayil mai tsarin rana kafin wata a kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka, abin da ke faruwa ya fi kuskure na fili muni. Ranaku daga 1 zuwa 12 za su juye shiru, 3 ga Afrilu ta zama 4 ga Maris, sannan ranaku daga 13 zuwa sama su tsaya a matsayin rubutu, tunda babu wata na 13. Ginshiƙin zai zama rabi ƙarya, rabi rubutu, kuma a ido duk iri ɗaya suke, sai dai wasu sun jingina dama wasu hagu. Idan kuka tarar da haka, kada ku yi ƙoƙarin gyara su ɗaya-ɗaya. Ku koma fayil na asali, ku sake shigo da shi ta Power Query, ku danna daman linzami a kan ginshiƙin, ku zaɓi Change Type, sannan Using Locale, ku faɗa masa ƙasar da aka rubuta kwanan bisa tsarinta.

Idan ku ne ke da ikon tsara yadda ake rubutawa, ku bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-04-03, domin ba ya karɓar fassara biyu. Ga bayanan wata-wata, ku rubuta ranar farko ta watan a maimakon sunansa, 2024-07-01 a madadin Yuli. Ta haka watanni za su jeru yadda kalanda ta jera su, kuma Yulin bara ba zai haɗu da na bana ba. Idan dole sunan wata ya fito da Hausa a dashbod, ku ajiye ginshiƙin lambar wata daga 1 zuwa 12, ku umarci manhajar ta jera sunayen bisa wannan lamba. A Power BI, Sort by column ne ke yin haka.

Mataki na 8: Daidaita sunayen rukuni

Ku kunna matata da Ctrl, Shift da L, ku buɗe jerin kowane ginshiƙin rukuni, ku karanta shi daga sama har ƙasa. Za ku tarar da Reshen Arewa, da R. Arewa, da Arewa, da wani Arewa mai sarari a bayansa wanda ido ba ya gani. Kowannensu zai fito da nasa sandan a zane. TRIM tana cire sararin da ya wuce kima, CLEAN tana cire alamomin da ba sa fitowa a rubuce, amma dukansu ba sa cire wani irin sarari da ke zuwa daga shafukan intanet, mai lamba 160. Domin shi, ku yi amfani da =TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")) a sabon ginshiƙi, sannan ku manna sakamakon a matsayin ƙima. Idan bambance-bambancen suna da yawa, ku gina ƙaramin tebur mai ginshiƙi biyu, yadda aka rubuta da yadda ya kamata, ku riƙa ɗauko gyaran da XLOOKUP ko VLOOKUP. Wannan ya fi nemo-da-sauya na Ctrl da H amfani, saboda wata mai zuwa ma za a sake yin kurakuran.

Ga wanda zai zana taswira, sunan gari kaɗai bai isa ba. Akwai Paris a Faransa, akwai Paris a jihar Texas. Jojiya ƙasa ce, kuma sunan jiha ce a Amurka. Ku ware ginshiƙin ƙasa dabam, na jiha dabam, na gari dabam.

Mataki na 9: Gurabe marasa komai, kurakurai da maimaici

Gurbi mara komai da sifili ba abu ɗaya ba ne. Sifili na nufin an buɗe reshe ba a sayar da komai ba. Gurbi fayau na nufin ba a kawo rahoto ba. Lissafin matsakaici yana tsallake gurbi fayau amma yana ƙirga sifili, don haka cike giɓi da sifili yana jawo matsakaici ƙasa. Kada kuma ku rubuta babu, ko ɗan layi, ko alamar tambaya a ginshiƙin lambobi, domin kalma ɗaya tak na iya sa manhaja ta ɗauki ginshiƙin duka a matsayin rubutu. Kurakuran fomula irin su #N/A da #DIV/0! a binciko sanadinsu kafin a rufe su da IFERROR.

Gargaɗi game da Remove Duplicates: yana riƙe layi na farko ya share sauran, ba tare da nuna muku waɗanda ya share ba. Ciniki biyu masu kaya ɗaya da farashi ɗaya a rana ɗaya ba lallai ne su zama maimaici ba, kuma garin neman gira ana iya rasa ido. Ku fara ƙirga maimaicin da COUNTIF a kan lambar rasit ko wata lambar da ba ta maimaituwa, ku duba su, sannan ku share.

Mataki na 10: Raba teburi, a haɗa su da mabuɗi

Idan bayanin reshe, kamar yanki da sunan manaja, yana maimaituwa a dubban layuka, ku ware shi a tebur na biyu mai layi ɗaya ga kowane reshe, ku haɗa teburan da lambar reshe, wadda ita ce mabuɗin. Sharaɗin shi ne lambar ta fito sau ɗaya kacal a ƙaramin teburin, kuma nau'inta ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Idan ta fito sau biyu, haɗin zai iya ninka cinikin wannan reshe, ko kuma Power BI ya ƙi ƙulla dangantakar ɗaya da yawa, wato layin reshe ɗaya da layukan cinikinsa masu yawa, ya miƙo muku ta yawa da yawa. Kada ku karɓa kafin ku gano dalili.

A wannan mataki ne kuma za ku share ginshiƙan da dashbod ba ya buƙata, musamman sunayen mutane da lambobin wayarsu. Abin da bai fito a zane ba yana nan a cikin bayanan da aka ɗora, kuma mai izinin saukewa zai same shi.

Mataki na 11: Mayar da shi tebur, a ajiye a sifar da ta dace

A Excel, ku danna Ctrl da T, ku tabbatar an yi alamar cewa akwai sunayen ginshiƙai, ku ba teburin suna. Tebur mai suna yana faɗaɗa da kansa idan aka ƙara layi, kuma shi za ku zaɓa lokacin haɗawa a maimakon shafin duka. Ku ajiye a sifar xlsx, wadda ke ɗaukar layi 1,048,576. Tsohuwar sifar xls tana tsayawa a 65,536, kuma wannan iyaka ce ta sa a Oktoban 2020 hukumar Public Health England ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga ƙididdigarta a kan lokaci ba. Google Sheets yana da iyakar gurabe miliyan 10 a fayil guda, kuma yakan yi nauyi tun kafin a kai can.

Idan CSV ake buƙata, ku zaɓi CSV UTF-8. CSV na gama-gari yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ zuwa alamar tambaya, sai sunaye su lalace, matata kuma ta kasa haɗa su. Ku tuna cewa CSV shafi ɗaya kawai yake ajiyewa, kuma fomuloli ba sa binsa.

Mataki na 12: Haɗawa da gwada jimilla

Bayan haɗawa, kafin ku zana komai, ku duba nau'in da manhajar ta ba kowane ginshiƙi. Power Query yana hasashen nau'in CSV daga layuka 200 na farko, kuma bayanin ingancin ginshiƙi da yake nunawa daga layuka 1,000 na farko ne, sai an sauya shi ya duba duka. Kuskuren da ke layi na 8,000 ba zai fito ba sai an loda. Ku kuma hana manhajar tara shekara da lambar shaida, domin duk ginshiƙin lambobi takan ɗauka abin tarawa ne.

Sannan ku yi zane mafi sauƙi, tebur mara kwalliya, mai nuna yawan layuka, jimilla, da rana ta farko da ta ƙarshe, ku kwatanta da abin da kuka rubuta a mataki na 2. Irin bambancin yakan nuna inda matsalar take. Idan jimilla ta ninka daidai, layin jimilla ne ya saura. Idan ta yi ƙasa kaɗan, wasu lambobi rubutu ne. Idan reshe ɗaya kawai ya kumbura, mabuɗinsa ya maimaitu. Idan akwai ciniki a watan da bai zo ba, rana da wata sun juye. Idan kun share maimaici da gangan, ku rubuta adadinsu domin bambancin ya sami bayani. A ƙarshe ku zaɓi reshe ɗaya da wata ɗaya, ku tara da hannu a fayil na asali, ku ga ko ya yi daidai.

Mataki na 13: Tanadin sabuntawa

Dashbod abin amfanin yau da gobe ne, don haka gyaran da aka yi da hannu zai dawo kowane wata. Duk gyaran da za a iya yi a Power Query, a yi shi a can, domin yana rubuta matakan ya sake bin su da zarar an danna Refresh. Sababbin bayanai a ƙara su a ƙasan tebur, kada a buɗe sabon shafi ko sabon ginshiƙi. A saka Data Validation a ginshiƙan rukuni, yadda mai shigar da bayanai zai zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta.

Gargaɗi: sauya sunan ginshiƙi, ko na tebur, ko matsar da fayil zuwa wata jaka, yana karya haɗin, kuma wanda ya yi sauyin sau da yawa bai san akwai dashbod da ke rataye da shi ba, don haka ku kulle layin farko, ku sanar da duk mai taɓa fayil ɗin. Looker Studio yana sake ɗauko bayanan Google Sheets duk bayan minti 15. Power BI mai lasisin Pro yana ba da damar tsara sabuntawa har sau 8 a rana, amma idan fayil ɗin a kan kwamfutarku yake, sai an girka manhajar gateway, wadda ke haɗa kwamfutar da Power BI na intanet, kuma kwamfutar tana kunne. Ajiye shi a OneDrive ko SharePoint yana kawar da wannan buƙata. A kusurwar dashbod ku saka ƙaramin kati mai nuna rana ta ƙarshe da ke cikin bayanan, wadda manhajar za ta ɗauko daga ginshiƙin kwanan wata da kanta, domin idan sabuntawa ta tsaya, mai kallo ya gane tun kafin ya ɗauki alƙaluman makon jiya zuwa taro.